Tambaya da Amsa: Ko Sana'ar Yin Hatimi Za Ta Riƙe Mutum a Ƙaramin Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon fotokwafi da buga takardu a hedikwatar wata ƙaramar hukuma a jihar Jigawa. Duk mai son hatimi a garinmu sai ya ba direba saƙo zuwa Kano, ya jira kwana biyu ko uku, wani lokaci kuma a kawo masa shi da kuskure. Ina so in ƙara wannan sana'a a shagona. Wace na'ura ta dace da ni, yaya aikin yake, kuma akwai abin da za a samu a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da ɓangaren ƙarshe na tambayarka, domin a kansa sauran suka dogara. Hatimi ba kayan masarufi ba ne da ake saya kullum. Idan ka yi wa makarantar firamare hatimi mai kyau, sai ya yi mata shekaru kafin ta sake neman wani, kuma masu buƙatarsa a ƙaramin gari ƙirgaggu ne: makarantun boko da na Islamiyya, masu kantin magani, ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da na direbobi, kwamitocin masallatai, ƙananan asibitoci, sai kuma hakimi da dagatai da masu unguwanni waɗanda suke buga shi a takardun cinikin gona da fili. Saboda haka hatimi shi kaɗai ba zai riƙe maka gida ba. Amma tunda kana da kwamfuta da firinta da masu ciniki da suka saba da kai, ƙarin zai yi maka amfani ƙwarai, domin shugaban makarantar da ya zo yin hatimi shi ne gobe zai kawo maka aikin katin sakamakon jarrabawa da rasit da takarda mai kan ofis.

Game da na'ura, hanyoyi huɗu ne za ka tarar a kasuwa. Ta farko ita ce sassaƙa da hannu, wadda har yanzu za ka ga dattawan sana'ar suna yi a bakin gidan waya ko kusa da kotu, da reza da guntun roba, suna yanka haruffa a juye ba tare da sun duba madubi ba. Ina girmama waɗannan mutane matuƙa, domin a wurin irinsu na fara gane yadda harafi yake zama a kan roba, sai dai hannu ba ya iya fitar da ƙananan rubutu da tambarin makaranta yadda masu ciniki suke so yanzu. Akwai kuma na'urar leza, wadda take ƙone robar da ke kewaye da haruffa ta bar su a tsaye. Aikinta ya fi kowanne tsafta da ƙarko, amma tana da tsada, tana son wuta tsayayya da bututun fitar da hayaƙi, kuma idan ta lalace mai gyaranta yana can birni. Ban ba ka shawarar farawa da ita ba. Abin da ya rage maka shi ne folima da filash.

Folima wani ruwa ne mai kauri kamar zuma wanda yake daskarewa idan hasken fitilun UV ya taɓa shi. Za ka tsara rubutun a kwamfuta, yawancinmu da manhajar zane ta CorelDRAW muke yi, sannan ka buga shi da firinta mai leza a kan takarda mai shara-shara, ta yadda fili zai zama baƙi ƙirin, haruffa kuma su zama farare haske yana ratsa su. Sai ka shimfiɗa takardar a kan gilashi, ka kewaye ta da tef mai kauri kamar yadda ake yi wa fadama kunya, ka zuba folima a ciki a hankali, ka fasa duk kumfar da ta taso da tsinken allura, ka rufe da leda da wani gilashin, ka sa a na'ura. Ana haska bayan ne tukuna domin a samu gindin da haruffa za su zauna a kai, sannan a haska gaban. Inda haske ya ratsa ya daskare, inda baƙi ya tare shi yana nan ruwa, sai ka wanke shi da sabulun ruwa da buroshi mai laushi. Bayan haka a sake haska shi a cikin ruwa domin danƙon ya tafi, a busar, a yanke, a manne a mariƙi.

A nan ne gwaninta take, kuma a nan sababbin shiga suke asarar kaya. Idan baƙin takardarka bai yi duhu sosai ba, haske zai saci hanya ya cike cikin haruffa, sai ka ga "a" da "o" da "e" duk sun zama ɗigo guda. Ɗaga takardar ka kalli rana da ita kafin ka zuba folima: idan kana hango haske ta cikin baƙin, sake bugawa ko ka haɗa biyu. Idan ka daɗe wajen haskawa layuka su kumbura, idan ka gaggauta ƙananan haruffa su bi ruwan wanki. Kada ka dogara da lokacin da wani ya faɗa maka, domin ƙarfin fitilu yana raguwa da tsufa, wutar janareta ma ba ɗaya take da ta sola ba. Ka yi gwaji da ƙananan yanka, ka rubuta daƙiƙun da suka yi daidai a jikin bango kusa da na'urar, ka riƙa sabunta su. Kwalbar folima kuwa a ɓoye ta a wuri mai duhu da sanyi, domin ranar watan Afrilu a ƙasarmu tana iya lalata ta tun kafin a buɗe.

Filash ya fi sauƙi. Wani soso ne na musamman mai ƙananan ƙofofi, kuma a nan akasin folima ake buga takardar: haruffa baƙaƙe, fili fari. Na'urar tana yin walƙiya guda mai ƙarfi, zafinta ya toshe ƙofofin da ke inda haske ya taɓa, ya bar na ƙarƙashin haruffa a buɗe. Sai a ɗura tawada, soson ya sha, ya riƙa fitar da ita ta cikin haruffan kaɗai. Babu wanki, babu jiran bushewa, kuma wutar da yake ci ta ɗan lokaci ce, abin da ya sa ya dace da garin da wuta ba ta zama. Sharaɗinsa ɗaya ne: tawadarsa mai mai ce, ba ta haɗuwa da tawadar ruwa ta soson tebur da ake dangwala hatimi a kai. Ka gaya wa kowane mai ciniki wannan da bakinka, domin da yawa sukan ɗura masa tawadar da suka samu a kanti, hatimin ya toshe, su dawo suna ganin laifinka. Idan jarinka na na'ura ɗaya ne, ni filash zan ce ka fara da shi, ka ƙara folima daga baya saboda masu son na katako mai araha.

Za a kuma tambaye ka irin mai shafa wa kansa tawada, wanda ake dannawa ya juyo ya buga. Sanannun kamfanoninsa su ne Trodat da Colop na ƙasar Ostiriya da Shiny na Taiwan. A jerin Printy na Trodat, lamba 4911 tana ɗaukar rubutu mai tsawo da faɗin milimita 38 da 14, lamba 4912 milimita 47 da 18, lamba 4913 kuma 58 da 22. Ka haddace waɗannan, domin da su za ka san layi nawa zai shiga kafin ka yi alkawari. Mutanenmu suna son a zuba suna da muƙami da adireshi da lambar waya biyu da taken ƙungiya a wuri ɗaya, kuma aikinka ne ka nuna musu cikin ladabi cewa rubutun da ya ƙanƙance ƙasa da maki shida ko bakwai a ma'aunin girman harafi na kwamfuta ba zai karantu ba bayan an buga shi sau ɗari. Idan mai kwanan wata ne, juya zoben shekarun ka ga inda ya ƙare kafin ka saya, kada ka ɗauko tsohon kaya da saura shekara biyu ya ƙare.

Sai maganar rubutu, wadda nake so ka ba ta muhimmanci fiye da na'ura. Ka tanadi nau'in haruffa masu ƙ da ɗ da ɓ, domin sunan gari ko na mutum da aka cire wa ƙugiya ya zama wani suna dabam. Makarantun Islamiyya za su kawo maka rubutun Larabci, wasu ma ajami, kuma wasu manhajoji sukan wargaza haruffan ko su jera su daga hagu, don haka ka sa malamin ya karanta da kansa. Ni kaina na taɓa yi wa wata makaranta hatimi da harafi guda a baya-baya cikin sunanta, ba wanda ya lura sai da aka buga shi a kan takardun shaidar ɗalibai masu yawa. Ranar da shugaban makarantar ya ajiye takardun a kan teburina bai ɗaga murya ba, amma kunyar da na ji ba ta bar ni ba har yau. Tun daga lokacin ba na kunna na'ura sai na buga samfurin a farar takarda, mai aikin ya karanta harafi-harafi, ya sa hannu a ƙasa.

Abu mafi nauyi shi ne wanda za ka yi wa hatimi. Hatimi shaida ne, tun daga zoben azurfa na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka zana "Muhammadur Rasulullah" a kansa domin rufe wasiƙun da ya aika wa sarakuna. Wanda ya ga hatimin dagaci a takardar gona ya yarda cewa dagaci ya san da cinikin. Wata rana wani zai shigo da takarda mai ɗauke da bugun hatimin wani ofis ko asibiti ko banki, ya ce na asalin ya ɓata, ka yi masa irinsa sak, kuma zai ninka maka kuɗi. Kada ka karɓa. Yin jabun hatimi laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code) da ake aiki da ita a jihohin Arewa, kuma wanda ya ƙera yana iya shiga tuhuma tare da wanda ya buga. Hatimin hukuma ko na masarauta sai da wasiƙa a kan takarda mai kan ofis da sa hannun mai ofishin, kuma tunda garin ƙarami ne, ka taka da ƙafarka ko ka buga waya ka ji daga bakinsa. Na ƙungiya sai shugaba da sakatare sun amince tare, musamman lokacin da aka canja shugabanni kuma tsofaffin ba su miƙa kaya ba. Na kamfani ka nemi ganin takardar rajistarsa ta hukumar CAC. Hatimin da lauyoyi suke liƙawa a takardun shari'a kuwa ƙungiyarsu ta NBA ce take bayar da shi, ba aikin shago ba ne.

Domin kare kanka, ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi tun ranar farko. Kowane hatimi da ya fita daga shagonka ka buga shi sau ɗaya a ciki, ka rubuta kwanan wata da sunan wanda ya kawo aikin da lambar wayarsa da lambar katin shaidarsa, ka maƙala wasiƙar izini idan akwai, ya sa hannu lokacin karɓa. Waɗanda suka lalace wajen yi ka daddatsa su da almakashi kafin ka zubar, takardun shara-shara kuma ka kulle su a akwati, kada yaron shago ya fita da su. Wajen sa farashi ka lissafa har da wanda zai lalace da man janareta da kuɗin motar sayo kaya, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, domin hatimin da aka fasa karɓa ba ya sayuwa ga kowa. Kafin ka sayi na'urar kuma, ka je Kano ka zauna mako biyu ko uku a shagon wanda ya ƙware, ka ɓata kaya a gabansa yana gyara maka, sannan ka sayo sosuna da mariƙai da tawada shuɗiya da baƙa da ja da za su kai ka aƙalla wata uku. Allah Ya sa albarka a cikin neman.