In tilasta wa masu saye yin rajista a shagona na intanet don gudun 'yan damfara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, leshi da turaren wuta a Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma bara na buɗe shafin intanet inda kowa zai zaɓi kaya ya biya ba tare da ya yi rajista ba. Kwanakin baya wani ya sayi leshi mai tsada da katin banki, na sa masa a mota zuwa Legas. Bayan 'yan makonni sai aka zare kuɗin daga asusuna, wai mai katin ya ce ba shi ya yi sayayyar ba. Yaron da ya haɗa mini shafin ya ce in rufe wannan hanya, duk mai son kaya sai ya yi rajista tukuna. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar miki da alheri. A ganina kada ki rufe. Rajista ba ta buƙatar komai sai imel da kalmar sirri, kuma wanda ya iya samo lambobin katin wani ba zai gaza ƙirƙirar imel cikin minti biyu ba. Wadda za ki kora ita ce baiwar Allah da ke Kumo ko Bajoga, sabis na yankewa, datarta ta kusa ƙarewa, ga shi an ce ta je akwatin imel ɗin da ta manta kalmar sirrinsa ta tabbatar da rajista. Rufe shafin za ta yi ta nemi wata mai atamfar a WhatsApp.

Rajistar ma tana zuwa da nata nauyin. Mutane da yawa kalmar sirri ɗaya suke amfani da ita ko'ina, idan ta fita daga wani shafin sai ɓarawo ya shigo naki da sunan tsohuwar kwastoma da kika yarda da ita. Sannan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su.

Abin da ya same ki a wurin biya ya faru. Visa da Mastercard suna ba mai kati damar ƙalubalantar cirar da aka yi masa, galibi har tsawon kwana 120. Bankinsa zai tuntuɓi kamfanin da ke karɓar miki kuɗi, irin su Paystack ko Flutterwave, su kuma su nemi hujja daga gare ki cikin ɗan taƙaitaccen lokaci. Idan ba ki amsa ba, ko hujjar ba ta da ƙarfi, kuɗin ya tafi, kayan ma sun tafi. Don haka tambayar farko da za ki yi wa yaron naki ita ce: shin kowane biya da kati yana bi ta matakin nan da banki ke turo lambar OTP zuwa wayar mai katin? Tsarin ana kiransa 3D Secure, kuma idan biya ya bi ta cikinsa, a mafi yawan lokuta asarar damfara tana komawa wuyan bankin da ya ba da katin. Katunan gida yawanci suna neman wannan lamba, wasu katunan ƙasashen waje kuwa sukan wuce ba tare da ita ba. Idan ba ki da masu saye a Ingila ko Saudiyya, ki kashe karɓar katin waje baki ɗaya.

Akwai wuri ɗaya da yaron yake da gaskiya. Masu sayen lambobin katin sata sukan nemi shagon da ƙofarsa ke buɗe su gwada waɗanne ne ke aiki. Za ki gane su idan kika tarar da jerin yunƙurin biya na ƙananan kuɗi, ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna, kusan duka banki ya ƙi su. Maganinsa a taƙaita yawan gwajin da na'ura ɗaya za ta iya yi, a kuma sa ɗan gwajin nan da ke bambance mutum da injin kwamfuta.

Amma a nan yankinmu, alat na bogi ma yana yi wa 'yan kasuwa ɓarna sosai. Za a turo miki hoton rasit mai tambarin banki, da sunanki daidai, da adadin kuɗin, a biyo da kira: "Hajiya, don Allah a hanzarta, mota za ta tashi." Hoto ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana iya ƙirƙirarsa. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna. Mafi sauƙi ki kunna biya ta taransifa a shafin, inda ake ba kowane mai saye lambar asusu ta wucin gadi, kuma oda ba ta tabbata sai kuɗin sun shigo da gaske.

Sai batun aikawa, wanda na ga an fi yi wa sakaci. Kaya a hannun direba a tasha, da lambar waya rubuce a jikin leda, ba hujja ba ce a gaban banki. Ki yanke wani adadi da kanki, duk odar da ta haura shi ki kira mai ita kafin ki ɗaure kaya. Ki tambaye shi kalar da ya zaɓa da unguwar da za a kai. Mai gaskiya zai amsa nan take, har ya ƙara da tambayar ko leshin ba ya zuba. Ki dakata idan sunan da ke kan kati daban ne da na mai karɓa ba tare da bayani ba, ko aka canja adireshi bayan an biya. Manyan kaya ki ba kamfanin aika saƙo mai ba da takarda da sa hannun wanda ya karɓa, ki ɗauki hotonta ki adana tare da hirarku. Wanda kuma ya ce ya yi kuskuren tura kuɗi fiye da kima, a mayar masa da ragowar a wani asusu daban, kada ki yarda. Inda kuɗi suka fito nan suke komawa.

Rajistar ki mayar da ita tayi bayan an gama biya, da ɗan rangwame ga wanda ya yi. Shi kuma na Legas ɗin, ki sa lambarsa da imel ɗinsa da adireshin da ya bayar cikin jerin waɗanda shafin zai riƙa tarewa, ki tattara duk abin da kike da shi ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Gombe.