Garin ƙarfe a man aksil: a canza mai ko a sauke kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tirela mai aksil biyu a baya. Da muka kwance notin juye mai na aksil ɗin farko, sai muka tarar maganaɗisun jikinsa ya cika da baƙin gari, har da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli. Wani bakanike ya ce in zuba sabon mai in ci gaba da aiki, wani kuma ya ce in sayi kan aksil ɗungurungum, wato ƙullin giyoyin da ke tsakiyarsa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, dakata tukuna, kada ka bi ko ɗaya. Lakato abin nan ka murza shi tsakanin yatsu biyu. In ka ji shi da laushi kamar kwalli, babu abin da ke sukar yatsa, to gugar haƙori ce ta yau da kullum, kuma don ita aka sa maganaɗisun. Ɓarɓashin da ka ce yana ƙyalli shi ne ya tsaya mini a rai. Siraran ɓawo masu walƙiya galibi daga boris suke fitowa, wato fuskarsa ta fara saɓulewa. Gutsure mai kauri kamar kan ashana kuwa haƙorin giya ne ya ɓalle, kuma motar da aka ga wannan a cikinta ba ta sake ɗaukar kaya sai an buɗe.

Kada a zubar da tsohon man. A tace shi da farin ƙyalle a duba a rana, domin maganaɗisu ba ya kama tagulla. In an ga ƙyalli ruwan ɗorawa, washar da ke bayan ƙananan giyoyin ciki ce ke cinyewa, a aksil ɗin da aka yi wa washa ta tagulla. In man ya yi fari-fari kamar an dama shi, ruwa ya shiga, sau da yawa ta ƙofar numfashin da ke saman kwandon aksil ɗin.

Sannan ka zaunar da direbanka, shi ke kwana da motar. Kukan da ke tashi in ya taka totur yana nuna zaman haƙoran babbar giya da finiyan, wato ƙaramar giyar da ke juya ta. Wanda ke zuwa in ya ɗaga ƙafa, an fi zargin boris ɗin finiyan ya saki. Ƙarar da ba a ji sai a kwana, ƙananan giyoyin ne.

Abin da masu gaggawar sayen kai ke mantawa shi ne, a manyan motoci da yawa man nan ɗaya ne ke kaiwa har boris ɗin ƙafa. Ƙarfen na iya fitowa daga can alhali kan lafiya lau yake. A zare shaf, a duba ƙafafun biyu.

Da ni ne, zan biya kuɗin sauke kan a duba, don ya fi shawarar farko tsaro, ya fi ta biyu sauƙi. In boris ne kaɗai, a canza su duka tare da sil. In haƙora sun yi rami-rami, babbar giya da finiyan tare ake saye, domin tun a masana'anta aka goga su da juna aka buga musu lamba ɗaya. Aura sabo da tsoho kuka ne kawai. In kuwa kai na hannu za ka saya, ƙirga haƙora da kanka, ka raba na babbar giya da na finiyan: 37 da 9 sun ba ka 4.11, 41 da 11 sun ba ka 3.73. Dole lissafin ya zo daidai da na ɗaya aksil ɗin, in ba haka ba su biyun za su yi ta ja-in-ja har giyar da ke raba musu ƙarfi ta ƙone. Tayoyin da tsayinsu ya bambanta sosai ma haka suke yi, don haka a auna su. Kowanne ka zaɓa, a wanke kwandon tas har cikin hannayensa kafin a ɗaura.

Tambaya: Aksil ɗina yana kuka. An ce in zuba mai mai kauri da wani maganin kwalba, zai yi shiru. In saya?

Amsa: Zai iya rage ƙarar, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya fita. Riƙe kuɗin kwalbar. Sayi mai mai lambar GL-5, kaurin da littafin motarka ya faɗa, ko 80W-90 ko 85W-140 ko 75W-90. GL-4 da ake zuba wa wasu giyabos ba ya jure irin matsin da haƙoran aksil ke yi wa juna.

Tambaya: Muna da motoci da yawa. Tura man zuwa ɗakin gwaji yana da amfani?

Amsa: Ga mai motoci da yawa, ƙwarai. A ɗebi man da ɗuminsa, daga tsakiyar zuba, a kwalba mai tsabta. Sakamako ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa, sai an jera uku ko huɗu na aksil guda ake ganin ko ƙarfe na hawa. Silikon in ya yi yawa, ƙura ce ke shiga. Sai dai na'urar da aka fi amfani da ita ba ta ganin ɓarɓashin da ya wuce kusan maikron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), shi ya sa takarda kan fito da kyau alhali haƙori ya ɓalle. Ku nemi a haɗa muku da gwajin PQ, mai auna yawan ƙarfen da ke cikin man har da manyan ɓarɓashi, kuma bakanikenku ya ci gaba da ɗaukar hoton maganaɗisun duk ranar juye mai, yana rubuta lambar mota da kilomita.