Shin sikanin yana nuna tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa?

Tambaya: Ni manomi ne, shekarata 38. Kusan shekara biyu ke nan marainana na dama yana kumbura a hankali, ba ya ciwo sosai. A ƙauyenmu akwai masu tundurmi. An ɗebi jinina da rana a asibiti, aka ce ba a ga komai ba, sai likita ya tura ni sikanin. Ni dai na san masu juna biyu ake yi wa shi. Zai iya nuna tsutsa kuwa? In bai nuna ba, ke nan ba ni da cutar?

Amsa: Malam, zai iya, kuma a maraina ne ya fi iyawa. Idan ya nuna ta, magana ta ƙare. Idan bai nuna ba, da sauran bincike.

Tsutsar da ke kawo wannan cuta a Afirka sunanta Wuchereria bancrofti, sauro ne ke yaɗa ta. Manyan ba a cikin jini suke zama ba. Suna shiga siraran hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki zuwa kaluluwa, su naɗe a wuri guda, su yi shekara 6 zuwa 8 suna hayayyafa. Macen tana kai tsawon santimita 8 zuwa 10, namijin kusan 4, kaurinsu kuwa bai wuce na zaren ɗinki ba. 'Ya'yansu ne ke yawo a jini, su ma sai da dare suke fitowa inda allura za ta same su. Shi ya sa ake ɗiban jinin wannan gwaji tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare. Jinin da aka ɗiba maka da rana aka duba a madubin likita ba ya wanke ka. Akwai wani gwajin na tsinke, irin na zazzaɓin cizon sauro, da ake yi da ɗigon jinin yatsa a kowane lokaci, a karanta bayan minti 10. Shi yana neman sinadarin da babbar tsutsa ke fitarwa ne. Ka tambaya ko suna da shi.

A jikin namiji baligi, tsutsar ta fi son hanyoyin ruwan da ke kewaye da maraina da igiyar da ke riƙe da shi. Wurin yana dab da fata, don haka na'ura tana ganinsa sarai. Masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil ne suka fara bayyana wannan a 1994.

Za ka kwanta rigingine, a sa tawul a tallafi marainan, a shafa man sikanin. Kan na'urar da ya dace shi ne miƙaƙƙen nan mai ƙarfin megahaz 7.5 zuwa sama. Mai lanƙwasar da ake duba ciki da shi, na megahaz 3.5 zuwa 5, yana hango nesa amma ƙananan abubuwa na kusa suna kuɓuce masa. Mai aikin zai bi kowane gefe a tsaye da a kwance, daga ƙwan, zuwa bututun da ke manne a bayansa, ya hau igiyar har matsematsi. Abin da yake nema shi ne hanyar ruwa da ta buɗe, wadda ke fitowa baƙa a allo, da wasu fararen layuka a cikinta suna mutsu-mutsu ba kan gado, ba tsayawa. Likitoci na kiran wannan rawar tsutsa. Sai an tsayar da hannu cak na ɗan lokaci ake tantance ta, kuma hoto ɗaya a takarda ba ya kama ta, sai bidiyo. Ɗakin ma kada ya yi sanyi, domin sanyi yana sa fata ta tattare, naman ya riƙa motsi da kansa.

Kuskure yana zuwa ta fuska biyu. Jini mai tafiya a hankali cikin kumburarrun jijiyoyin maraina yana iya kama da tsutsa. Ana rabe su da awon Dopla, wato sashen sikanin da ke nuna yadda jini yake tafiya: motsin jini yana da tsari, yana ƙaruwa idan ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri, na tsutsa kuwa ba ya bin bugun zuciya ko numfashi. Haka kuma, idan bututun maniyyi ya toshe, ko an ɗaure shi da tiyata, abin da ya taru a ciki yana iya yin wani motsi mai ruɗarwa. Ɗaya fuskar ita ce a duba a rasa. Matacciyar tsutsa ba ta motsi, iyakarta ta bar ɗan ƙulli, wani lokaci ya yi tauri. Wadda ta zauna can cikin ciki na'ura ba ta isa gare ta. Mai aikin da bai san abin da ake nema ba kuma zai rubuta ruwa a maraina ya wuce. Saboda haka ka roƙi likitanka ya rubuta a takardar cewa ana zargin wannan tsutsa, domin sau da yawa a nan abin yake lalacewa tun kafin ka kwanta.

Ga mata da yara ganinta ya fi wuya, ko da yake akan same ta a hammata, matsematsi ko nono. Wanda ƙafarsa ta riga ta zama tundurmi kuwa, yawanci ba a ganin tsutsa a ƙafar, jininsa ma yakan fito ba komai, domin tsutsar ta yi ɓarna ta mutu tuntuni. Amfanin sikanin a wurinsa shi ne kawar da zargin daskarewar jini a jijiya.

Ko ba a ga tsutsa ba, kuɗinka bai tafi a banza ba. Sikanin zai nuna ko ruwa ne ya taru, ko hanji ne ya sauko, ko ƙari ne a ƙwan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Zai nuna ko ruwan garau yake ko yana da kauri, da ko rigar da ke lulluɓe da ƙwan ta yi tauri. Likitan fiɗa yana bukatar sanin wannan kafin aiki, don gwaiwar da ta girma ƙwayar magani ba ta sa ta sace, sai tiyata. Zuƙe ruwan da allura ba ya ɗorewa, yana dawowa, kuma yana iya shigar da ƙwayoyin cuta.

Idan an ga rawar, gidan tsutsa ba ya sauya wuri, don haka a rubuta inda yake da faɗin hanyar, a sake dubawa bayan magani. Da wannan dabara aka gano cewa maganin ivermectin yana share 'ya'yan amma ba ya kashe manyan, shi ya sa ake maimaita rabon sa tare da albendazole shekara bayan shekara. Da ita kuma aka nuna a Tanzaniya da Gana cewa maganin doxycycline yana kashe manyan a hankali, ta hanyar hallaka wata ƙwayar bakteriya da suke rayuwa da ita. Akan ba da miligiram 200 kullum na mako 4 zuwa 6, ban da masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 8, kuma rawar ba ta tsayawa sai bayan watanni. Kada ka sayi DEC, wani maganin wannan tsutsa, da kanka: a Najeriya, inda ake da cutar makantar kogi, yana iya yi wa ido mummunan lahani. Ka kai wa likitan da ya tura ka sakamakon, tare da bidiyon in an ɗauka.