Ogzilarin Hilux yana ƙas-ƙas: in buɗe a gida ko in sayi ɗan Beljiyam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Ina da Hilux ƙirar 2010, mai fetur, giyar hannu, da ita nake kai taki gona ina kwaso buhuna. Tun tsakiyar damina, in na sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, a cikin taɓo na taka totur, sai in ji ƙas! ƙas! a ƙarƙashin kujera, motar ta saki sannan ta sake kamawa. In na cire ogzilarin, shiru. Kuma mai yana ɗiga ta wajen furofelar baya. Bakanikena ya ce in manta da gyara, in sayo akwatin ogzilarin gaba ɗaya ɗan Beljiyam. Ni kuwa da hannuna nake gyara injinan ban-ruwana. Zan iya buɗe shi a gida?

Mai karatu daga Haɗeja

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya. Wanda ya saba warware injin ban-ruwa ya mayar da shi ya tashi, wannan akwati ba zai gagare shi ba. Aikin haƙuri da tsabta ne, ba na ƙarfi ba. Sai dai kada ka taɓa noti ko ɗaya tukuna.

Fara shiga ƙarƙashin motar, ka kama furofelar gaba ka girgiza, ka yi wa ta baya haka. Kuros, wato mahaɗin da ke bakin furofela, in ya mutu yana ƙara mai kama da wadda ka faɗa, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wahalar sauke akwati ba. In kuros lafiya yake, sai ka juya kan mai. Buɗe notin zubawa na sama kafin na zubarwa na ƙasa, domin in ka tsiyaye man sannan na saman ya ƙi kwancewa, ka zauna ke nan. Tara man a farin kwano ka kai shi rana. Lita ɗaya ce kacal, ko kusa da haka, a cikin akwatin irin motarka, don haka ɗigon da kake rainawa ya isa ya bar shi a bushe cikin damina guda. In man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwan fadama ya shiga. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, boris ko sarƙa ne ke cin kansa.

Abin da nake zargi sarƙa ce. Tsofaffin Hilux da yawa haƙori ne ke tura haƙori a cikin ogzilarinsu, amma irin taka, wadda aka yi daga 2005 zuwa 2015, sarƙa mai faɗi ce ke ɗauko ƙarfi daga sandar baya ta cikin akwatin ta kai wa furofelar gaba. In ta miƙe, da ka ɗora mata nauyi sai ta haye kan haƙoran ta tsallake ɗaya. Wannan tsallen shi ne ƙas ɗin da kake ji, shi ya sa kuma ba ka jin sa a H2, wato in ka cire ogzilari, lokacin da sarƙar ba ta ɗauke da komai.

Ga kuma abin da bakanikenka bai tambaye ka ba, wanda ya fi duk sauran muhimmanci a wurina: me ya miƙar da ita? Ogzilarin motarka ba shi da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. Da ka sa H4, wato ogzilarin tafiya da gudu, furofelu biyun sun ɗaure, dole su juya daidai wa daida. A taɓo ko yashi ba matsala, taya za ta ɗan zame ta huce. A kwalta ba inda za ta zame, sai sarƙa ta shanye duk wahalar. Manoma da yawa sukan fito daga gona su hau titi su manta liba tana H4 har gida. Na biyu tayoyi. Mun saba sayen taya ta hannu, duk wadda aka samu a ɗaura. Ɗauki taya mai lamba 205R16 a gaba da mai lamba 265/70R16 a baya: tsayin ta farko wajen milimita 734 ne, ta biyu wajen 777. Bambancin ya kusa kashi 6 cikin 100. Ma'ana a kowace mita 100 ƙafafun baya na neman su wuce na gaba da kusan mita 6, sarƙa ce kuma ke riƙe da su. Ko sabon akwati fil daga kamfani ka ɗaura, in tayoyinka haka suke, za ka sake rubuto mini wasiƙa baɗi. Je ka karanta lambar da ke jikin tayoyinka huɗu kafin ka kashe ko kwabo.

To, in ka yanke shawarar buɗewa. Motar ta tsaya a kan ƙafafun ƙarfe ko a bakin rami, ba a kan jak kaɗai ba, ba kuma a kan bulon siminti ba, don bulo ba ya sallama kafin ya fashe. Sa alamar fenti a inda kowace furofela ta haɗu da farantinta don ka mayar yadda take. Manyan notin da ke riƙe da farantan nan an dake bakinsu ne cikin tsagi, sai ka ɗaga dakan da ƙaramar kurfi, kuma ya fi sauƙi ka sassauta su tun akwatin na jikin mota. Ka nemi mutum na biyu lokacin saukewa. Ya fi rabin buhun siminti nauyi, kuma kana kwance ne zai zo maka a ƙirji.

Wanke bayansa tas da kananzir kafin ka buɗe, sannan ka shiga da shi ɗaki ka rufe ƙofa. Tsakar gida, da ƙura da yara da awaki, ba wurin wannan aiki ba ne. Shimfiɗa kwali mai tsabta, ka ajiye kiret ɗin ƙwai biyu a gefe, kowane noti da wosha da zobe ya shiga raminsa bi da bi yadda ka cire shi. Duk abin da za ka zare, ɗauke shi hoto da waya tukuna. Abin da ya fi ɓata wa masu gyaran gida rai ba manyan ƙarafan ba ne, 'yan ƙananan ne: ƙwallayen ƙarfe da sifirin da ke riƙe sandunan canji a mazauninsu, da wani ɗan fil da ke kwance tsakanin sandunan biyu. Da maganaɗisu ake zaro su. In ka manta fil ɗin nan wajen haɗawa, akwatin zai rufu lafiya lau, sai ka ɗaura shi a mota sannan ka gane liba ta rikice.

Da ka raba akwatin ɓari biyu, nemi ɗan maganaɗisun da ke ƙasan akwatin. In laushin baƙin gari ne ya lulluɓe shi, wanda in ka murza a yatsa ba ka jin tsini, wannan tsufa ne kawai. In ka ji ɓarɓashi mai kaifi, to wani abu ya gutsure, sai ka nemo shi. Dubi cikin ɓarin ma: sarƙar da ta saki takan bar sawu mai sheƙi a jikin alminiyon inda take duka. Dubi haƙoran da take hawa. In bakinsu ya lanƙwashe ko ya yi tsini, da su da sarƙar za ka canza tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora asarar kuɗi ce. Juya kowane boris a hankali kusa da kunnenka, mai lafiya ba ya gurnani. Akwai kuma ƙaramin famfon mai da rariyarsa, ka wanke su sosai, don su ne ke kai mai sama.

Iyakar aikin gida a wurina shi ne boris da aka matse a jikin sanda. Kada ka sa masa guduma. Kai sandar wurin mai injin matsa ya cire ya sa maka sabo, minti kaɗan ne. Haka ƙungiyar ƙananan giyoyin da ke ba ka L4, wato ogzilarin ƙarfi mai tafiya a hankali, waɗanda ke rage gudu kusan sau biyu da rabi: in ba su da wasa, haƙoransu kuma lafiya, wanke su ka bar su yadda suke.

Wajen sayen kaya, ko Ƙofar Ruwa za ka je a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsofaffin a hannu da lambar shasin motar. Koyo da NSK da Nachi sunaye ne na ƙwarai a harkar boris, amma jabunsu a kwali mai kyau ya cika kasuwa, don haka in farashin ya yi daɗi da yawa, ajiye. Sil kuwa duka za ka canza, har da wanda ke tsakanin giyabos da ogzilari, ka kuma shafa wuyan farantin baya da farce. In tsohon sil ya yi masa zobe mai zurfi, sabon ma zai zubar.

Ɓarin biyu ba takardar gasket ke tsakaninsu ba, gam ne. Siririn layi ya isa. Wanda ya lafta shi da yawa, rarar za ta faɗa ciki ta toshe rariyar famfo. Manyan notin faranti sababbi za ka sa, a ɗaure su 118 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan) da sifana mai awo sannan a dake bakin, na mai kuma 37 Nm. Kafin ka ɗaga akwatin zuwa mota, gwada shi a ƙasa: H2, H4, N (firi), L4, kana juya sandar da hannu a kowanne. Mai 75W-90 na giya, har sai ya fara dawowa ta ramin sama. Tunda kana ratsa ruwa, tabbatar ɗan bututun numfashin da ke saman akwatin bai toshe ba, in da hali ma ka ƙara masa tiyo ka ɗaga bakinsa sama.

Shawarar bakanikenka tana da wurinta. In ka buɗe ka tarar ɓarin ya tsage, ko sandar ta cinye, ko giyoyin L4 sun kakkarye, lissafin gyara zai wuce na ɗan Beljiyam, sai ka saya. Amma shi ma wani ne ya gaji da shi a wata ƙasa, ba ka san sarƙar da ke cikinsa ba. Ka sa mai shagon ya buɗe notin mai a gabanka, ka sa shi a H4, ka riƙe farantin baya ka murza na gaba ka ji yawan wasan, kuma ku yi yarjejeniyar dawowa da shi in ya ƙi, a rubuce a bayan rasit.