Abin tunawa a Kaduna: me za a fara dubawa?

Malam, ka tambayi abin da ya kamata ku duba kafin ku gina wa marigayi dattijon unguwarku abin tunawa. Ni dai a ganina, ku guji mutum-mutumi. Musulmi da yawa ba za su yarda da shi ba, kuma Kaduna gari ne na Musulmi da Kirista, ana son abin da kowa zai ce nasa ne.

Dubi Arewa House, gidan Sardauna da aka kashe a 1966: ya zama wurin bincike, ɗalibai na shiga kullum. Ko ƙaramin ɗakin karatu ne ku yi.

Sunansa kuwa a sassaƙa shi a dutse, da boko da ajami, don fenti ba ya jure ruwan Agusta. Tun yanzu ku tsayar da mai sharewa da gyara.