Kafin ka ce allon ya ƙone

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce ka ɗauke kod ɗin na'urar kunna famfon rani daga allo mai aisin STM32F103 (aisi shi ne ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da allon) ka ɗora a kan mai aisin F411, ya shiga lafiya lau, amma fitilar da ke ƙafar PC13 ta ƙi kamawa, USART1 mai aika rubutu zuwa kwamfuta kuma shiru. Kana tambaya ko ka shiga Kano ka sayo wani allon. Riƙe kuɗin motarka tukuna.

Ka san ruwan Kadawa. Babban kanal yana iya cika fal, amma in ba a ɗaga ƙofar da ke shiga gonarka ba, ko ɗigo ba za ka gani ba. Haka agogon aisi yake, kowane sashe da ƙofarsa a RCC, wato sashen da ke raba agogon, kuma a rufe suke tashi. Sashen da ba a buɗe wa ba, duk abin da ka rubuta masa ba ya zama, in ka karanta sifili za ka gani. A F103 ƙofar GPIO, sashen da ke kula da ƙafafun aisi, tana rijistar APB2ENR, a F411 ta koma AHB1ENR. Ina kyautata zaton nan ka tsaya. Haɗa ST-Link, na'urar da ke haɗa allon da kwamfuta, tsayar da kod ɗin, ka duba rijistar da idonka.

Sai ƙafafu. PA9 da PA10, ƙafafun USART1, suna nan yadda ka san su, sai dai F411 ba shi da AFIO, sashen da ke sauya wa ƙafafu aiki a F103. Kowace ƙafa sai ka sa ta a yanayin aikin musanya a rijistar MODER, ka ba ta lambar aikinta a rijistar AFR, ta USART1 ita ce 7. PA13 da PA14 kuwa kada ka kusance su, ta nan kake magana da aisin.

In rubutu ya fara fitowa amma tarkace ne, ɗauko allon ka kai shi haske, ka karanta lambar da ke jikin kiristal, ɗan ƙarfen da ke ba aisin agogo daga waje. Tsohon naka MHz 8 ne, irin waɗannan sababbin galibi 25. In HSE_VALUE, inda kod ke ajiye gudun kiristal, yana nan a 8, lissafin gudun saƙo ya kauce fiye da ninki uku. Ni nakan koma agogon ciki mai MHz 16, in ga rubutu ya fito tsaf a gudun 9600, sannan in taɓa PLL, sashen da ke ninka gudun agogo.

Wannan abin ya taɓa cin kwana biyu nawa ana tsakiyar ban ruwan tumatir, mai gona yana tsaye a bakin shago. Na sa rile, makunnin da ke tayar da famfo, a ƙafar PB3 ta F103, ya ƙi motsi, na canza rile har sau biyu, ashe ƙafar tana hannun JTAG, hanyar binciken kod, tun tashin aisin. Har yau ina jin nauyin mutumin nan, don shukarsa ta sha rana saboda ban buɗe littafin kamfani ba.

Ka fara da fitilar kaɗai, ka cire famfon daga layi. Ranar kasuwar Kura ka zo min da allon da abin da ka karanta a AHB1ENR.