Tambaya da Amsa: Baƙin Tsuntsayen Ƙarshen Damina

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa daga Agusta zuwa Satumba tsuntsayen Turai masu dogayen ƙafafu ke saukowa Afirka. Sau biyu ina zuwa dam ɗin Ajiwa a cikin Agusta, ban ga komai ba sai balbela da zalɓe. Ko dai mu da ba mu da teku ba mu da rabo ne? Daga wani malamin makaranta, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabo kam akwai, wurin da ka nema ne bai dace da watan ba. Waɗannan 'yan bakin ruwa taɓo suke bi, taɓo mai laushi da ruwa bai wuce tsawon ɗan yatsa a kansa ba, domin a nan suke caka baki su zaro tsutsa da ƙananan ƙwari. A bakin teku ruwa kan janye ya bar musu taɓo sau biyu kowace rana. Dam kuwa sau ɗaya yake yin haka a shekara. A Agusta Ajiwa da Zoɓe da Jibiya da Sabke duk cikowa suke, ruwa ya haye gaɓa har cikin ciyawa, to ina tsuntsu zai tsaya? Sai ruwan sama ya ɗauke, dam ya fara ja da baya daga ƙarshen Oktoba, sannan gaɓarsa ke buɗewa, kuma daga nan har Maris ba ka rasa abin kallo.

Kafin lokacin, nemi ƙananan wurare: kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, gefen gonar shinkafa a fadama, mashayar shanu da kofato ya tattake, da inda rafi ke shiga dam ya zube yashi da laka. Manyan tsuntsayen ne ke fara isowa, tun ƙarshen Yuli, musamman waɗanda ƙwansu bai yi ba. 'Ya'yan bana sukan biyo baya da makonni, su kaɗai, ba uwa ba uba. Za ka gane ɗan bana da gashin bayansa sabo fil, kowane gashi da ɗan layi mai haske a gefensa kamar an yi masa ado da zare. Babba kuwa gashinsa ya ƙoƙe, tsoho da sabo a cakuɗe.

Huɗu za ka fi cin karo da su, kuma za mu ba ka sunayensu na kimiyya don ka iya nemo hotonsu a waya. Na farko Actitis hypoleucos, gajere, ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa, farin cikinsa ya ɗan hau kafaɗa, idan ya tashi sai ya bi fuskar ruwa yana karkarwa da fiffike. Na biyu Tringa glareola, mai ɗigo-ɗigo a baya, da farar gira da ƙafa ruwan ɗorawa mai ɗan kore. Na uku ɗan'uwansa Tringa ochropus, kuma nan ake yawan kuskure. Ka jira ya tashi: ƙarƙashin fiffikensa baƙi ne, ƙugunsa fari tas, shi kuwa glareola ƙarƙashin fiffikensa da haske. Na huɗu Calidris pugnax, wanda ke taruwa dubbai a gonakin shinkafar Haɗeja da Nguru. Namijin ya fi macen girma nesa ba kusa ba, har sabon mai kallo ya rubuta su a matsayin iri biyu.

Yadda za ka tsaya ma yana da muhimmanci. Da safe ka kasance a gabashin ruwa, da yamma a yammacinsa, rana na bayanka, in ba haka ba duk tsuntsu baƙin inuwa zai zame maka. Ajiye farar riga a gida. Kada ka tsaya ƙiƙam a kan tudun dam, sauko ka zauna a gindin wani kalgo ka ba su minti 15 su manta da kai. Idan suka daina kiwo suka miƙe wuya, ka matso da yawa. Babban mai tona maka asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa, da ya fara ihu kowa sai ya tashi, don haka kewaye shi tun daga nesa. Kada ka shiga ruwan da ƙafa, tsargiya ba ta san mai kallon tsuntsu ba. Sannan ka fara gaida mai unguwa da sarkin ruwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma tambayi halin tsaro na yankin kafin ka fita, domin baƙo da madubin hangen nesa a bakin dam abin zargi ne a wannan zamani.

Tambaya: An tura ni bautar ƙasa Kalaba. Wane lokaci ne ya fi dacewa in je gaɓar teku? Daga wata ɗaliba, Daura.

Amsa: Malama, a can jadawalin cikowar teku za ki bi, agogo ya zo daga baya. Teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin kusan awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin na ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Ki isa awa biyu zuwa uku kafin ya kai maƙura. Ruwan ne zai riƙa koro miki tsuntsayen suna matsowa kina zaune. Wanda ya je teku na janye zai hango su can nesa kamar ƙwayar gero. Ranakun da ya fi cikowa sosai suna bin wata: kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, don haka kalandar Musulunci ta bangon ɗakinki ta isa ta nuna miki. Bambancin cikowa da janyewa a Legas kusan mita ɗaya ne, a Kalaba ya fi haka, saboda haka kada ki taka taɓon ko ki yi nisa, ruwa na iya zagayowa ta bayanki. Ki nemi Numenius phaeopus, mai dogon baki lanƙwasasshe ƙasa da layuka a ka, yana kamun ƙaguwa a gindin itatuwan gaɓa. Babbar matattarar irin waɗannan a yankinmu ita ce gaɓar tekun da ake kira Bankin Argin a Muritaniya, inda kusan miliyan biyu ke yin hunturu, wasunsu daga Sibiriya.

Tambaya: Ni duk tsuntsun da ke shawagi a sama shirwa nake ce masa. Yaya zan bambance baƙo da ɗan gida? Daga wani manomi, Mai'aduwa.

Amsa: Baba, fara da shirwar da ka sani, ita ce ma'auninka. Jelarta mai baki biyu ce, tana murɗa ta tana tuƙi da ita, bakin babbar kuma ruwan ɗorawa ne. Ita 'yar Afirka ce, damina take biyowa arewa kamar shamuwa, kaka ta yi ta koma kudu. Akwai ƙawarta daga Turai mai baƙin baki da kai mai ɗan fari-fari, sai dai 'yar shirwarmu ta bana ma bakinta baƙi ne, don haka baki kaɗai ba ya yanke hukunci.

Baƙin da suka fi sauƙin ganewa su ne masu sintiri ƙasa-ƙasa a kan ciyawa da fadama, fiffike ɗage sama kaɗan, suna tangaɗi hagu da dama, kai a sunkuye. Daga Satumba zuwa Oktoba suke isowa. Mafi girmansu, Circus aeruginosus, yana son bakin ruwa mai kacala, macen ruwan ƙasa ce mai duhu da hula ruwan madara. Sauran biyun sirara ne, mazansu ruwan toka. Circus pygargus yana da baƙin layi a tsakiyar fiffike, Circus macrourus ya fi haske, ba shi da layin, baƙin da ke bakin fiffikensa siriri ne. Matansu kuwa ko gwanaye kan sha wuya da su, in ba ka tabbatar ba rubuta “ɗaya daga cikin biyun” ya fi alheri a kan ka yi ƙarya. Shi pygargus fara ce yawan abincinsa a ƙasarmu, manomi bai da dalilin harbinsa.

A kan dam kuma duba Pandion haliaetus, mai kamun kifi: ciki fari, baƙin layi ya ratsa ido kamar an ja kwalli, yana tsayawa a iska sannan ya faɗo ruwa ƙafa a gaba, ya tashi da kifi kansa na kallon gaba.

Lokacin su ya bambanta da na 'yan bakin ruwa. Masu faɗin fiffike suna jiran ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, su hau ta kamar yadda ungulu ke yi, don haka daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe ne ake ɗaga kai. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke cunkushewa a mashigin Jibralta, inda tsakanin Sifen da Maroko kilomita 14 ne kacal, kafin su ratso Sahara.

Tambaya: Na ga madubin hangen nesa a kasuwa an rubuta 20-180x100, gilashinsa ja. In saya? Daga wani ɗalibi, Dutsin-Ma.

Amsa: Bar shi inda ka gan shi. Nemi 8x42: takwas ita ce yawan kusantowa, 42 faɗin gilashin gaba a milimita. Abin da ya wuce goma hannu ba ya riƙe shi ba rawa, ga kawalwalniyar rana da ke ƙara dagula hoto. Kafin ka biya, kalli wayar lantarki mai nisa. Idan ta rabu biyu, ko idonka ya fara ja bayan minti ɗaya, bututun biyu sun goce, ciwon kai za ka saya. Wajen saiti, rufe gilashin dama da tafin hannu, juya zoben tsakiya har hoto ya fito a idon hagu, sannan rufe hagu ka juya ƙaramin zoben da ke kan na dama kaɗai. Da damina kada ka kulle shi a jaka da danshi, fumfuna kan tsiro a ciki. Da hunturu hure ƙura kafin ka goge, gogewa a kan ƙura ce ke karce gilashi.

Tambaya: Wani tsuntsu ya faɗa komata a Sabke, da zoben ƙarfe a ƙafarsa mai rubutu. Wasu sun ce na leƙen asiri ne. Me zan yi? Daga wani masunci, Daura.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Masu bincike ne ke sa zoben don su san hanyar da tsuntsu ke bi da shekarun da yake yi, kuma ba na'ura a cikinsa, lamba ce da sunan gari ko cibiyar da ta sa shi. Idan yana da rai, kwafe rubutun duka, harafi da lamba, a juya zoben a ɗauki hoto ta kowane gefe, sannan ka sake shi da zobensa. Idan akwai zobban roba masu launi, rubuta su a jere: ƙafar hagu daga sama zuwa ƙasa, sannan ta dama. Haɗa da kwanan wata da sunan wurin. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, ita ce inda ya dace a aika, ko shafin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, idan akwai mai intanet a kusa, kuma sau da yawa akan dawo wa mai rahoto da bayanin inda aka sa zoben da ranar. Idan kuwa mushe ka tsinta, musamman in sun mutu da yawa wuri guda, kada ka taɓa da hannu, kada ka kai gida kusa da kaji. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya tun 2006, saboda haka malamin dabbobi na ƙaramar hukuma za ka fara sanarwa.